Kata a kareti: tana da amfani idan an ci kwalarka, ko rawa ce kawai?

Sadik_Shotokan:
Assalamu alaikum. Tambaya nake da ita ga manyanmu da suka daɗe a harkar nan, don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah. Ina koyon kareti, na haddace kata, wato jerin motsin da mutum ke yi shi kaɗai: Heian guda biyar da Tekki Shodan, yanzu ina kan Bassai Dai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake fassara mana motsin. Sai a ce mutum huɗu sun kewaye ka, na hagu ya kawo shuri ka tare, ka shiga da naushi, ka juya na dama shi ma ya kawo nasa. To na bayanka me yake jira, sai ka gama da abokinsa? Shi kuma mai kawo naushin daga can nesa yake takowa, ya miƙa hannu ya bar shi a sandare. Ni ban taɓa ganin an yi rigima haka ba. Akwai kare kai na gaske a cikin kata, ko motsa jiki ne da neman bel?

Abba_Keji:
Wa alaikumus salam. Rawa ce, ɗan'uwa, kuma ka riga ka ba kanka amsa. Tun 1993 da aka yi UFC na farko, gasar faɗa a cikin keji tsakanin salo daban-daban, a Denver ta Amurka aka gama wannan gardamar. Masu baƙin bel suka zo da kwarjini, Royce Gracie da bai kai su jiki ba ya kai su ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Sannan a 2017 a Chengdu ta ƙasar Sin, Xu Xiaodong, mai irin wannan faɗan na haɗa salo, ya haɗu da wani malamin taici, tsohon salon faɗan Sin, mai suna Wei Lei, ko rabin minti ba a yi ba malam yana kwance yana kare kai. Lokacin da kake ɓatawa kan Bassai ka kai shi wajen buhun naushi da kokawa.

Nura77:
Abba ya shigo da takalmi tun daga ƙofa.

Malam_Naihanci:
Sadik, tambayarka mai kyau ce, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Kenwa Mabuni, wanda ya kafa salon kareti na Shito-ryu, ya yi rubutu a kanta tun 1938. Ya ƙi yarda da fassarar da ake yi cewa kata faɗa ce da mutanen da suka kewaye ka ta kowace kusurwa. A wajensa, idan kata ta juya ka hagu, tana nuna maka inda za ka tsaya ne game da mutum ɗaya da ke gabanka, wato ka kauce daga saitinsa ka koma gefensa. Ba wani ne ya ɓullo daga hagu ba.

Ga abu guda da za ka gwada yau. Hannun nan da ake ce maka ka ja zuwa ƙugu duk lokacin da ka yi naushi, hikite, me ya sa ake jan sa? A aji za a ce don ƙarin ƙarfi. Amma wane mai hankali ne zai sauke hannu daga fuskarsa ya kai ƙugu a tsakiyar faɗa, in hannun banza ne? Funakoshi, uban salon Shotokan da kake koyo, da kansa ya rubuta cewa aikin wannan hannun shi ne ya damƙi hannun abokin gaba ya murɗa ya jawo shi. Da zarar ka sa wani abu a cikin hannun, tsintsiyar hannunsa ko hannun rigarsa, sai kata ta canza kama gaba ɗaya.

Ɗauki gedan barai, motsi na farko a Heian Shodan. Ka ce tare shuri ne. To ka sa ƙashin hannunka a gaban ƙwaurin ƙato ka ga wanda zai karye. Yanzu sake shi: mutum ya riƙe maka hannun dama. Ka juya tafinka ka kama nasa, ka ja zuwa ƙugunka, hannunsa ya miƙe. Hannunka na hagu da ya tashi zuwa kunne ya sauko ya danne bayan gwiwar hannunsa, kai kuma ka matsa gefe. Kansa zai sunkuyo da kansa. Naushin da ke biye a kata, can yake sauka. Nisan duk bai wuce tsawon hannu ba.

Abba_Keji:
Ranka ya daɗe, da girmamawa, wannan a jikin ɗalibi mai ladabi kake yin sa. Ya miƙa maka hannu ya jira. Wanda ya zo da mugunta ba hannunka zai riƙe ya tsaya kallonka ba, da ɗayan hannun yake zuba maka.

Malam_Naihanci:
Gaskiyarka, Abba, kuma ban ce a tsaya a nan ba. Wannan matakin farko ne. Wanda ya tsaya a kansa bai fi mai rawar da ka faɗa ba.

Mai_Tarihi:
Bari in ƙara wani abu kan yadda aka zo nan, don laifin ba na malaman yanzu kaɗai ba ne. A Okinawa, tsibirin da kareti ya samo asali, a da ana koyar da abin ne ga mutum kaɗan, malami da ɗalibai 'yan ƙalilan, kuma akwai tsohuwar al'adarsu ta shafe shekara uku a kan kata guda. A farkon shekarun 1900 Anko Itosu ya shigar da kareti makarantun gwamnati, shi ne kuma ya tsara Pinan guda biyar, waɗanda Funakoshi ya sauya wa suna zuwa Heian bayan ya koma Tokyo a 1922. Abin da za ka koya wa yara masu yawa a layi a filin makaranta dole ya bambanta da abin da za ka nuna wa baligi ɗaya a tsakar gida. Ba za ka koya wa aji guda yadda ake tsokane ido ba.

Amma Itosun nan, a wasiƙarsa ta 1908 ga hukumomin ilimi, ya ce manufar kareti ba gwabzawa da abokin karawa ba ce, kare kai ne idan mutum ya yi kiciɓis da ɗan ta'adda ko mugu. Ya kuma ce a nemi bayanin kowane motsi a san lokacin amfani da shi. Ke nan ko a zamaninsa ana rarrabe faɗan fili da kare kai.

Bayan haka sai jami'o'in Japan suka karɓe shi. Tsayuwa ta ƙara faɗi da zurfi, nisa ya ƙaru irin na kendo, wasan takobin Japan, aka kafa ƙungiyar kareti ta Japan, JKA, a 1949, aka yi gasar ƙasa ta farko a 1957. Ka nemi tsofaffin hotunan Funakoshi na shekarun 1920, za ka ga a tsaye yake sosai, ba irin durƙuson da kuke yi yanzu ba. A littafinsa na 1935 har da dabarun kayarwa guda tara. Sadik, an taɓa nuna maka ko ɗaya?

Sadik_Shotokan:
Wallahi ko ɗaya. Kullum ce mana ake yi kayarwa aikin 'yan judo ne.

JudoKawai:
To ai ku zo mu koya muku, ƙofa a buɗe take. Mu ma muna da kata, amma mutum biyu ke yin ta, ɗaya ya kawo ɗaya ya karɓa, don haka ba a taɓa gardamar ma'anar motsi ba. Nage-no-kata kana ganin wanda aka ɗaga aka buga da ƙasa. Har akwai wadda Kodokan, babbar cibiyar judo, ta tsara a 1956 musamman don kare kai, da riƙo da naushi da wuƙa da sanda da bindiga. Duk da haka, ka tambayi kowane ɗan judo abin da ya sa yake iya kayar da mutum, zai ce randori, wato karawa da abokin horo da ba ya ba ka haɗin kai. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo, ya cire abubuwan da ba za a iya gwadawa da cikakken ƙarfi ba, ya bar waɗanda za ka yi wa mutumin da ya ƙi yarda. Wannan ne sirrin, babu wani.

Ummu_Hanan:
Ni tekwando nake yi, kuma matsalar Sadik muna da ita ninki biyu. Namu sunansu pumse. Makarantun farko a Koriya katar kareti suke yi, Pinan ɗin nan suke kira Pyung Ahn, daga baya aka tsara Taegeuk da muke yi yanzu. Saboda haka in ma akwai ma'anar asali, mun yi nisa da ita da taki biyu.

Amma abin da nake so in ce daban ne. Duk maganarku a kan maza biyu ne da suka fuskanci juna. Mace ba haka abin ke zuwar mata ba. Fizgar jaka ce, ko riƙe hannu, ko a ja mayafi daga baya, ko a matse ki da bango, kuma sau da yawa ba baƙo ba ne. Abba, a kejinku akwai awon nauyi da alƙalin wasa. Ni in namiji mai ninkina a nauyi ya riƙe ni, ba neman cin wasa nake ba, so nake hannuna ya fita in samu daƙiƙa biyu in yi ihu in gudu. A nan motsin da Malam ya kwatanta ya fi mini amfani da shurin kai da nake samun maki da shi a gasa.

Abba_Keji:
Hajiya, na yarda da rabin maganarki. Amma ki je wajen 'yan kokawa ki ga yadda suke ƙwace hannu. Sun fi kowa iyawa, kuma ba su san wata kata ba.

Ummu_Hanan:
Ban musa ba. Sai dai ba kowace mace ce za ta yarda ta shiga kokawa a ƙasa da maza ba, kuma ba ko'ina ake samun ajin mata ba. Abin da ke hannunta shi za ta gyara.

Tsohon_Maigadi:
Na yi shekaru ina gadi a wuraren taro, bari in faɗi abin da idona ya gani, ba abin da na karanta ba. Rigima ba ta farawa da naushi. Da baki take farawa, mutum ya matso har kana jin numfashinsa, ya nuna ka da yatsa, ya ture ƙirjinka, ya ci kwalarka da hagu, sannan damar ta zagayo daga gefe kamar zai jefa dutse. Kusan kullum haka ne. Ban taɓa ganin wanda ya ja baya ya gyara tsayuwa ba.

Wata rana wani ya cakumi rigata da hannu biyu yana jijjiga ni. Na yi kareti a ƙuruciya, kuma ba zan ce muku na tuna wata kata a lokacin ba, kaina babu komai. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina na sa hannu ɗaya a bayan ƙeyarsa, gwiwar ɗayan hannun na tokare masa ƙirji, na buɗe ƙafa na sauke nauyina. Ya kasa ɗaga ni, ya kasa samun wurin naushi, har abokan aikina suka iso. Bayan an raba hannuna rawa yake yi, na kasa ɓalle maɓallin rigar da ya rage. Duk dabarar da ke buƙatar ka kama yatsa ɗaya ko ka danna wata jijiya, ka manta da ita. A wannan halin yatsunka ba naka ba ne, ganinka ma ya tsuke, abin da ke gefe ba ka ganin sa.

Malam_Naihanci:
Yallaɓai Maigadi, abin da ka yi yana nan a farkon Tekki Shodan: buɗaɗɗen hannu ya miƙa gefe, gwiwar ɗayan hannun ta zo ta bugi tafin. Tafin ba iska yake riƙe da ita ba, kai ne a ciki. Wannan katar, da ake kira Naihanci a Okinawa, ita ce Choki Motobu ya fi riƙewa, mutumin da aka san shi da gwada kansa a rigingimun unguwar Tsuji a Naha, kuma ya doke wani ɗan damben Turawa a Kyoto yana da shekara hamsin da wani abu. Ba ta da tsalle, ba ta da shurin sama. Tafiya ce gefe da gefe, riƙo, gwiwar hannu, gajeren naushi, da ƙafar nan da ake ɗagowa ciki da sauri, wadda za ta iya zama taɗiya ko dukan cikin gwiwa.

Abba_Keji:
To ga inda nake da matsala da ku. Maigadi da bakinsa ya ce bai tuna kata ba. Abin da ya yi duk wanda ya taɓa riƙe mutum zai yi. Ku sai abu ya faru ku koma ku leƙa cikin kata ku ce ai ga shi nan. Motsi ɗaya, wannan malami ya ce karya hannu ne, wancan ya ce shaƙewa ce, na uku ya ce kayarwa. In komai ne, to ba komai ba ne.

Mai_Tarihi:
Wannan suka ce mai nauyi, kada a raina ta. Yawancin bunkai, wato fassarar motsin kata, da ake koyarwa yau, na Patrick McCarthy ko na Iain Abernethy, sake ginawa ne. McCarthy ya tattara ire-iren harin da mutane suka saba kai wa juna, 36 ya lissafa, su cin kwala, shaƙewa, rungumar baya, jan gashi, ya duba wane motsi ne ke amsa wanne. Hanya ce mai ma'ana, kuma tana da madogara a rubuce-rubucen tsofaffin malamai da zane-zanen tsohon littafin faɗa na Bubishi, amma ba wanda zai rantse cewa abin da mai katar ya nufa ke nan. Ni a ganina ba sai an rantse ba. In ya yi aiki a kan wanda ya ƙi ba da haɗin kai, a riƙe. In bai yi ba, a watsar, ko daga bakin wa ya fito.

Af, kuma wannan gardamar ta girmi kareti. Janar Qi Jiguang na ƙasar Sin, a littafin horar da soja da ya rubuta wajajen 1560, ya kawo tsayuwa 32 na faɗan hannu, amma ya ce ba su da wani tasiri a fagen yaƙi, amfaninsu su saba wa soja da motsa hannu da ƙafa. Ya kuma yi tir da salon burgewa da ake yi don 'yan kallo.

Nura77:
Ashe Abba jikan janar ne.

Zaks_Wushu:
Tunda an taɓo Sin, a yi wa taici adalci. Wanda aka doke a Chengdu ba shi ne ma'aunin kowa ba. Cikin taici akwai ture-turen hannu na mutum biyu, kuma in ka ga yadda ake gasarsa kusan kokawar tsaye ce. Yawancin motsin da ake yi a hankali a wuraren shaƙatawa asalinsu riƙo ne da kayarwa. Matsalar ita ce mutum ya shekara talatin yana yi shi kaɗai, almajirai suna faɗuwa kafin ya taɓa su, har shi ma ya yarda da ƙaryar.

Abba_Keji:
Wannan jimlar taka ta ƙarshe ita ce duk maganata.

Kabir_Kumite:
Abba, ya kake da Lyoto Machida? Ɗan Shotokan ne tun yana yaro a hannun mahaifinsa, ya ci kambun UFC a 2009, kuma a 2011 ya kwantar da Randy Couture da shurin gaba na tsalle, irin wanda ke ƙarshen katar Kanku Dai.

Abba_Keji:
Machida yana da baƙin bel a jujitsun Brazil, ya yi sumo, kuma ya sha duka a horo fiye da mu duka a haɗe. Kumite, wato karawa da abokin horo, shi ne ya ba shi nisa da lokaci, ba Kanku Dai ba.

Kabir_Kumite:
Kumiten gasa ma ai yana da nasa. Ka tuna wasan ƙarshe na masu nauyi a Olamfik ɗin Tokyo? Tareg Hamedi na Saudiyya ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shuri ya sume, aka kori Hamedi saboda ƙarfin ya wuce ƙa'ida, wanda aka fitar a kan gadon ɗaukar majinyata shi ya ci zinare. Wanda ya saba janye hannu kafin ya taɓa, ranar da ake buƙatar ya taɓa ɗin ma janyewa zai yi.

Barista_AA:
Kafin a ci gaba da karya hannu da shaƙe wuya, a tuna akwai gobe. A dokokin yawancin ƙasashe kare kai yana da sharaɗi: barazanar ta kasance a gabanka take, ƙarfin da ka yi amfani da shi ya dace da ita, kuma ka tsaya idan ta kau. Kata da yawa suna ƙarewa da duka a kan wanda ya riga ya faɗi. Ka yi wannan a gaban kyamara, kai ne za ka yi bayani. Sannan wanda aka kayar a kan kwalta, ba naushin ke kashe shi ba, ƙeyar da ta bugi ƙasa ce. JudoKawai, wannan naku ne.

JudoKawai:
Haka ne, Barista. Shi ya sa muke riƙe hannun riga har mutum ya sauka. Kuma abu mafi amfani da na samu a judo a wajen tabarma shi ne iya faɗuwa. Na faɗo daga babur, haɓata a manne da ƙirji ba tare da na yi tunani ba.

Hafsy_M:
Ina bin ku a hankali. Wuƙa fa? Ana nuna mana tarewa da hannu biyu a gicciye.

Tsohon_Maigadi:
'Yata, wuƙa ƙafa me na ci ban ba ki ba. In jaka yake so ki jefa masa ita can gefe. In babu hanyar fita, kujera, jaka, ko duk abin da zai shiga tsakaninku. Mai wuƙa ba ya sara sau ɗaya ya tsaya, riƙe ki zai yi da ɗaya hannun ya yi ta kai da komowa. Ki ba ƙawarki alkalamin allo ta bi ki da gaske, ke kuma ki sa farar riga, sannan ki ƙirga layukan.

Sadik_Shotokan:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma mu dawo kan tambayata. In abin da ke aiki shi ne gwaji da abokin horo, me ya sa ba zan bar kata in yi gwajin kawai ba?

Malam_Naihanci:
Kana iya bari, ba za ka yi asarar kare kai ba, ɗan dambe da ɗan kokawa shaida ne. Mai kata kaɗai kamar wanda ya haddace littafin tuƙi ne bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ni abin da ya sa ban bari ba, ita ce manhajata, ita ke tuna mini abin da zan gwada, kuma ita nake yi ranar da babu kowa, da kuma yanzu da gwiwoyina ba sa ɗaukar abin da suke ɗauka da.

In za ka ci gaba, rage yawa. Shotokan tana da kata 26, Funakoshi da 15 ya fara koyarwa a Japan, kuma ko su sun yi wa mai neman kare kai yawa. Ɗauki Tekki ɗinka. Ciro motsi uku. Abokinka ya ci kwalarka a hankali har hannunka ya gane hanya. Sannan ya sa safar dambe a ɗaya hannun ya riƙa kawo maka da gaske, kai da robar haƙori. Sannan ya daina gaya maka abin da zai yi, ya fara da zagi da turi, wani lokaci bayanka a jikin bango. Kuma kowane zagaye ya ƙare da ka ƙwace ka kai ƙofa, ba ka tsaya kana jiran maki ba. Da yawa daga fassarorin da kake so za su mutu a mataki na biyu. Bar su su mutu.

Abba_Keji:
Ranka ya daɗe, abin da ka zayyana yanzu ai horonmu ne, ka sa masa farin kaya kawai.

Ummu_Hanan:
Banda gudu zuwa ƙofa. Ku a keji kulle ta ake yi.

Sadik_Shotokan:
Matsalar ita ce malaminmu ba ya son a taɓa fassarar da ya koya, kuma jarrabawar bel da ita ake yi. Zan nemi wani a ajinmu mu riƙa gwadawa bayan an tashi. Malam, wace irin safa ta dace, ta dambe ko mai buɗaɗɗun yatsu?

Malam_Naihanci:
Mai kawo hari ya sa ta dambe a hannun da zai yi naushi, ɗayan a bar shi tsirara don riƙo. Kai kuma mai yatsu. Kuma ku sa tsofaffin riguna, don za su yage.